Ranar da Kawu Bai Ce A Yi Daka Ba

Ina cikin aji a Isa, alli a hannu, wayata ta yi ta ruri cikin jaka har 'yan mata sunka fara dariya. Na ɗauko ta don in kashe, sai na ga Yaya ne, babban ɗan Kawu. Ko sallama bai yi ba.

"Ki taho gida. Baba ya rasu."

Abin da ya fara fita bakina shi ne, "Wace hanya?"

"Ba hanya ba ce. Cikin shagonai, zaune bisa kujera."

Sai a sannan salati ya zo mini. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, na faɗa na sake faɗa, na zauna bisa teburin wata yarinya ban ma san na zauna ba. Kawu? Mutumin da ranar Jumu'a ya kira ni yana yi mini tsiya wai ɗalibaina ba su san bambancin madubi da tabarau ba?

Ba ni kaɗai na yi wannan tambaya ba. Mai kabu-kabun da ya kai ni tasha ya yi ta. Wata mata 'yar Turba da munka zauna kujera ɗaya cikin motar Sabon Birni ta yi ta. Haka zamanin 'yan bindiga ya maishe mu a ƙasar nan: in an ce mutum mai ƙarfi ya mutu farat ɗaya, ba a tambayar ciwo, hanya ake tambaya. In ka ce musu a ɗakinsa ya cika, sai su yi sororo, kamar sun manta gaisuwar da ake yi wa irin wannan mutuwa. Wani tsoho a ƙofar gida har cewa ya yi, "Mutuwar da ta iske mutum gidanai, wagga ai gata ce." Na ji kamar in shaƙe shi, ko da yake gaskiya ya faɗa.

Ko da na iso an riga an kai shi. Gidan ya cika maƙil, mata na kuka, wasu na tafa hannu suna "Jiya-jiyan ga na gane shi bisa mashin!" Inna, matarsa, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, ido a bushe. Duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, amsa ɗaya take samu: "Bai ce ba. Wallahi ina ta jira, bai ce ba." Baƙi na duban juna. Mu 'yan unguwa mun san abin da take nufi, kuma saboda shi nake wannan rubutu, kada wata rana a tashi a gidan nan babu wanda ya san dalilin da ya sa ba a daka da sassafe.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana. Dogo ne, baƙi, da askar Gobirci a kumatu da ta lotse cikin tsufa. Kimiyyar haske ya koyar a jami'a har ya aje aiki, sannan ya tattaro ya dawo Sabon Birni a daidai lokacin da duk mai hali ke neman hanyar fita. Abokansa sunka ce ya zautu. Ya ce, "Can ina koya ma ɗiyan mutane duba abin da ba su taɓa kiwo ba. Nan shanu na mutuwa ba a san mi ya kashe su ba."

A shagon ƙofar gida ya kafa abinsa. Madubin duba jini ne, amma ba irin na asibiti da ake kafa wa ido ba. Ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako, ya cika shi da rairan gulbi, ya ɗora bisa tiyub ɗin mashin da ya hura wa iska, sannan ya kakkafa 'yan madubai cikin rairan kamar mai dashen albasa. Ga ɗan jan hasken leza, ga kyamara, ga kwamfuta da sola ke ba wuta. Hologiram yake kiran hoton da ke fita. Na tambaye shi bayani, ya yi mini da Gobirci, don ya ce abin da ba ka iya faɗi da harshen uwarka ba ka san shi ba.

"Haske nika rabawa biyu, awa yara biyu da ka aika kasuwa. Ɗaya ya bi hanya sarai, ɗaya ya ratsa ta cikin jini. In sun gamu bakin kyamara, wanda ya ratsa jini ya yi jinkiri. Jinkirin ga shi kwamfuta ka lissafi, ta hwaɗa maka kaurin kowace ƙwaya, ba ka rina ta ba, ba ka kashe ta ba."

Da a nan zancen ya tsaya da sauƙi. Amma gilashin madubin shi ma yana jinkirta hasken, kuma ba daidai ba, tsakiya daban, gefe daban. Hoton farko in ya fito, zobba ne cikin zobba kamar an jefa tsakuwa a randa. Ƙwayar jinin da ke tsakiya ta kumbura, ta gefe ta shafe, ƙananan abubuwa kuwa su ɓace ɓat cikin zobban. Maganin Kawu shi ne ya zare gilashin jinin, ya sa wani wankakke da babu komi a kansa, ya sake ɗauka. Wannan shi yake ce wa hoton babu. Duk karkatar da ta fito a cikinsa ta madubi ce, ba ta jini ba. Kwamfuta ta ɗebe shi daga na farko, zobba su tafi, jini ya tsaya a fili.

"Kowane madubi da karkatatai," in ji shi. "Wanda bai duba babu ba, bai duba komi ba." Har a zancen mutane yana kawo ta. In an kawo masa ƙarar wani, sai ya karkata hula ya ce, "To, na ji hoton jini. Ina hoton babu?" Mai ƙara ya tashi yana ƙunƙuni.

Sharaɗin abin guda ne: tsakanin hoton jini da hoton babu kada komi ya gusa, ko da kaurin gashi. Kuma lokacin ɗauka kada ƙasa ta motsa. To wa ke motsa ƙasa a gidan Bahaushe da safe in ba turmi ba?

Ina hutun kwaleji anka yi wannan rigima, kuma ni ce na sha wuyarta. Kawu ya leƙo cikin gida ya ce a dakata da daka. Inna ta tsaya da taɓarya a sama ta dube shi.

"Malam, haske za ka sha da rana ko hura?"

"Hajiya, ɗan lokaci kaɗan nika roƙo."

"Shekara nawa ina daka gidan ga, gini bai faɗi ba, sai kwalbarka?"

Washegari ta mirgino turmin har gindin bangon shago, ta zuba gero, ta shiga luguden da ban taɓa jin irinsa ba, har da tafi. Kawu ya fito ba hula. Ni tun da nake ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ran nan. Daga nan magana ta yanke, sai ta bakina. "Ce ma Kawunki tuwo na nan." "Ce ma Innarki na ƙoshi." Ƙarya yake, da rana na gan shi wajen mai tsire.

Shi ya fara saukowa, amma ta hanyarsa. Ya kira ta shago, ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya ce in je in buga turmi sau ɗaya. Na buga. Sai na ji Inna ta ce, "La ilaha! Sake!" Na sake. Ashe zobban ne ke rawa a gabanta duk bugu. Ta fito tana gyara ɗankwali, fuska cike da alfahari. "Ashe turmina na da ƙarhi haka." A nan anka yi sulhu. Ta ba shi daga fitowar rana har ya gama, shi kuma in ya ɗauki hoton babu ya fito bakin ƙofa ya ɗaga murya: "A yi daka!" Maƙwabta na bayan katanga sunka bi sahu, da farko don kunya, daga baya don sabo. In ya faɗa sai ka ji turame sun amsa daga gida zuwa gida. Yaran unguwa ba su san shi da wani suna ba sai Malam A-yi-daka, kuma yana amsawa.

Akwai abin da ya yi mini da ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da ɗana na fari ya koma, anka dawo da ni gida, mata sunka yi mini caa da baki. Wannan ta ce haƙuri, waccan ta ce wani na tafe, wata ta kawo labarin nata da sunka mutu. Kaina kamar ya tsage. Da safe Kawu ya aiko wai yana neman mai riƙe masa gilashi. Na shiga, ya nuna mini tabarma a lungu, ya rufe ƙofa, ya ce wa na waje kada wanda ya kusato, ana aiki. Babu gilashin da na riƙe. Ya koma kan madubinsa ya bar ni in huta. Ran nan rana ta yi sama sosai kafin ya ce a yi daka, kuma Inna ba ta yi ƙorafi ba. Haka ya yi ta yi kullum har na fara cin abinci.

Ranar da abin ya faru, Inna ta ce lafiyarsa lau ya tashi. Ya dawo masallaci, ya sha kunu, ya yi mata faɗa a kan tsami. Amininsa, wani dattijon makiyayi da muke ce wa Baffa, ya iso daga dajin Tsamaye da jinin saniya cikin 'yar kwalba. Kawu ya karɓa ya shiga shago, don jini ba ya jira, shi ake fara ɗauka. Baffa ya zauna gindin darbejiya. Inna ta zuba gero a turmi ta tsaya. Maƙwabta sunka tsaya. Rana ta hau katanga, ta wuce katanga. Wata ta leƙo ta ce, "Hajiya, yau Malam ya manta da mu?" Ran Inna ya ɓaci, ta jingine taɓarya ta nufi shago da faɗanta a baki. Ta iske shi zaune, kai jingine da bango, ido a lumshe, wankakken gilashi tsakanin yatsunsa. Ta ce har ta fara, "Malam, wane irin..." sannan ta ga ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba.

Ko cikin wannan firgici, da maza sunka zo ɗaukarsa, ita ce ta tsaya tana cewa a bi ta gefe, kada a taɓa akwatin. Sunka fita, ta kulle shagon, ta ƙulle makullin a bakin zanenta.

Washegari da la'asar ta jawo ni kusa. "Jinin Baffanki na nan ciki. Ba shi hwaɗi, kunya ba ta bari nai."

Na same shi a soro, na durƙusa na gaishe shi. Shi ya kama a wankan gawar, shi ya shiga kabari, tun ran nan bai koma daji ba. Na tambaye shi saniyar. Ya kau da kai.

"Bari, ɗiyata. Mutum ya tahi, wa ka zancen saniya?"

Sai da na matsa sannan ya faɗa. Jar saniya ce, ita kaɗai ta rage daga jinin garken ubansa bayan abin da shekarun nan sunka yi wa masu shanu. Tana da ciki, tana ta ramewa. An ba ta maganin hanta, an ba ta na tsutsa, shiru. Ruwa ya sauka, garke zai yi arewa wajen iyakar Nijar, 'ya'yansa sun ce ba za su ja ta ta mutu mushe a hanya ba, gara a miƙa wa mahauta gobe. Kawu ne tun farko ya ce a dakata ya duba jininta. In sammore ne, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu, akwai allurarsa, in ba a ga komi ba a sayar. Muna cikin magana wayar Baffa ta yi ƙara, ya duba ya ga 'ya'yan ne, ya kife ta a kan tabarma.

Na san hoton jinin na cikin kwamfuta. Na san kuma zobba ne kawai, don Kawu bai kai ga hoton babu ba.

Ina fitowa na ci karo da Yaya yana neman makulli. Hadari ya haɗu, gobe addu'ar uku, mutane za su zo daga Isa da Bafarawa har da abokan cinikinsa na Nijar, yana so a kwashe kayan shago a shimfiɗa tabarmi. Na ce ba a taɓawa. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ke, dattawa su zauna cikin ruwa don wasan madubi?"

"Yaya, ka gusa akwatin ga, ka yanka saniyar Baffa da hannunka."

"In an gusa ki maida shi. Ba ke ce malamar kimiyya ba?"

"Ban iya ba! Dannawa na iya. Saita madubban ga shi kaɗai ya iya, kuma yana cikin ƙasa!"

Na faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda na so. Yaya ya yi tsaye cak. Tun rasuwar yana ta kai da kawo, tabarmi, ruwa, goro, ina jin sai a sannan maganar ta shige shi. Inna ce ta raba mu daga inda take zaune. "A ba ta sahiya. In ta gama ka kwashe."

Ban yi tunanin abin da safiyar za ta zama ba sai da gari ya waye. Tsakar gida cike da turame, na gida da na aro, matan unguwa sun yi layi suna dakan gumbar sadaka. Ƙasa na amsawa har cikin haƙorana. Na je wajen babbarsu na yi ƙasa da murya na roƙa. Ta riƙe haɓa. "Gidan mutuwa a hana dakan sadaka? Yarinya, boko bai kai nan ba." Sauran ko kallona ba su yi ba. Na tsaya da makulli a hannu, hawaye na zuba, haushi kamar ya kashe ni.

Sai Inna ta miƙe. Tun ranar ba a ji muryarta sama da raɗa ba.

"Ku aje taɓare. Malam bai gama aiki ba."

Wallahi kamar an ɗauke wuta. Ɗaya bayan ɗaya sunka tsaya. Na bayan katanga ma sunka tsaya, su daman sun saba. Na leƙa waje, sai ga Yaya tsakiyar titi da hannu a sama yana tare masu mashin, yana nuna musu su kashe su tura.

Na buɗe shagon. Ƙamshin turarensa na nan, kujerarsa na nan a karkace. A bakin taga ga gilashin da Inna ta zare daga hannunsa. Na ɗaga shi wajen haske, sai ga sawun babban yatsansa a kai, ɓaro-ɓaro. Da shi ba za a yi hoton babu ba sai an goge. Na kasa. Na naɗe shi a gefen mayafina, na ɗauki wani daga kwali.

Na kunna, na jira jan hasken ya zauna kamar yadda yake yi. Na zare gilashin jinin da ya bushe, na zura wankakken. Na riƙe numfashi na danna. Sannan na buɗe hoton Kawu na ƙarshe, zobba cikin zobba, na ce wa kwamfuta ta ɗebe nawa daga nasa.

Zobban sunka tafi. Fili ya kwanta sumul, ƙwayoyin jini sunka fito jere kamar waina a tanda, sai dai sun yi ƙaranci. A tsakaninsu ga wasu 'yan sirara masu lanƙwasa, nan ɗaya, can ɗaya, can ma wata. Na yafuto Baffa. Ya tuɓe takalmi ya shigo da sanɗa, ya sunkuya. Ya sha ganinsu a wajen amininsa, ba ya bukatar bayani.

"Sammore," ya ce da raɗa. "Alhamdu lillahi, sammore ne!"

Ban taɓa jin makiyayi ya gode wa Allah a kan sammore ba sai ran nan. Ya yi dariya, dariyar ta juye, ya dafa bangon daidai inda kan Kawu ya jingina ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Na tura wa malamin dabbobi hoton ta waya, ya ce shi ne, a kawo masa saniyar. Baffa ya kira 'ya'yansa da Fillanci, ban ji komi ba sai sunan saniyar da yake ta maimaitawa. Da ya gama ya ɗaga hannu. "Allah ka haskaka mai kabari yadda ya haskaka muna abin da ido ba ya gani. Ka miƙe mai abin da ya karkace. Ka sa ya huta." Na ce amin. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya ce amin.

Na fito bakin ƙofa ina share fuska, sai na lura garin shiru yake. Na manta da su. Yaya na tsakiyar titi har yanzu, masu mashin sun yi cirko-cirko, dattawa bisa tabarmi ko tari babu mai yi. Na leƙa cikin gida. Mata tsaye, kowace da taɓarya a hannu, duk ni suke kallo. Na san abin da suke jira. Ba maganata ba ce. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai nasa.

Inna ta tako har gaban turmin farko, ta karɓe taɓarya daga hannun maƙwabciya. Wata ta ce, "Hajiya, kina takaba, bari mu yi." Ba ta ko waiwaye ta ba. Ni ta duba.

"Ki hwaɗa, ɗiyata. Tun shekaranjiya nika jira."

Na ce, "A yi daka." Muryar ba ta kai ko soro ba.

Amma Inna ta ji. Ta ɗaga taɓarya ta sauke, sannan ta fashe da kuka.